Yadda ake ɗora inamel garai-garai a kan jan ƙarfe da azurfa a cikin tanderu

Tambayar da ta fi yawan zuwa daga maƙeran fari na Marwa da Garwa a Kamaru, da matasan da ke sana'ar 'yan kunne da kan sarƙa a Njamena, ita ce dalilin da ya sa inamel ɗin da suka saya da sunan garai-garai yake fitowa daga wuta a dushe, ko ya yi duhu har ba a ganin ƙarfen da ke ƙarƙashinsa. Inamel garin gilashi ne da ake narkarwa a kan ƙarfe, dangin wanda ke jikin langa da kwanonin jere na ɗakin amarya. Akwai mai rufe ƙarfe gaba ɗaya, akwai kuma garai-garai, wanda haske ke ratsa shi ya daki ƙarfe ya dawo wa ido. Mai rufewa yana yafe wa mai koyo kurakurai da yawa, amma garai-garai ba ya ɓoye komai, domin duk maiƙon yatsa, da ƙurar da ta sauka, da tsatsar da aka bari, za su zauna a ƙarƙashin gilashin kowa yana kallonsu. Saboda haka mafi yawan aikin yana ƙarewa ne tun kafin a buɗe ƙofar tanderu, kuma a can ne wannan jagora zai fi daɗewa.

1. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Abu mafi tsada shi ne tanderun lantarki ƙarami, wanda zai iya kaiwa digiri 900 na ma'aunin Salshiyas ya kuma tsaya a inda aka ajiye shi. A nemi mai aiki da wutar 220, wadda ita ce ta Kamaru da Chadi, kuma mai ma'aunin zafi a jikinsa. Ƙananan tanderun wannan sana'a sukan ja tsakanin wat 1000 zuwa 1500, wato idan mai wat 1500 ya yi awa uku yana ci bai wuce kilowat-awa huɗu da rabi ba, don haka kuɗin wuta ba shi ne matsala ba. Matsalar ita ce ɗaukewar wuta da raguwar ƙarfinta. Wanda zai dogara da injin janareto ya tabbata ƙarfin injin ya zarce abin da tanderun ke ja da tazara mai kyau, in ba haka ba zafin zai riƙa hawa yana sauka.

Garin inamel daga waje ake kawo shi. Sanannun masu yin sa sun haɗa da Soyer da ke kusa da birnin Limoges a Faransa, da Schauer na Ostiriya, da Thompson na Amurka, da Ninomiya na Japan. Ga mutanenmu, inamel ɗin Faransa ya fi sauƙin samu, ko ta hannun matafiyi, ko ta Duwala sannan jirgin ƙasa zuwa Ngaundare, daga nan mota ta ƙarasa da shi arewa. Da yake kuɗin dako da na kwastan suna da nauyi a kan ƙaramin kaya, ya fi dacewa maƙera uku ko huɗu su haɗa odarsu wuri guda. Shawarata ga mai farawa ita ce kada ya ruɗu da yawan launuka. Giram 50 na shuɗi, da 50 na kore, da 25 na ja ko ruwan hoda, sun isa a yi watanni ana koyo. Wanda za a saya da yawa, kamar giram 250, shi ne inamel marar launi, wanda a jerin kayan Faransa aka rubuta sunansa fondant, mu kuma za mu riƙa ce masa fondan. Akwai na jan ƙarfe, akwai na azurfa, kuma ba a musanya su.

Sauran kayan ba su da tsada: ƙaramar rariya mai lamba 80, da wata mai lamba 200 idan an samu, da ƙananan kwalabe masu murfi, da buroshin zane siriri sabo, da hantsaki, da magagari, da sanfefa mai jure ruwa, da dutsen gugar gilashi, da buroshin zaren gilashi, da doguwar cokali mai yatsu ta ɗaukar kaya daga wuta. Matsayin da ake ɗora aiki a kai cikin tanderu dole ne ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma maƙerin baƙi na unguwa zai iya lanƙwasa shi ya yi masa ƙafa uku ko huɗu masu riƙe gefen aikin kawai.

Gargaɗi: kada a yi matsayi da kwanon rufi ko wata waya mai rufin tutiya, domin tutiya tana fitar da hayaƙi mai cutarwa a wannan zafin, ɓawonta kuma yana tsalle ya faɗa kan aiki. Haka nan a tambayi mai sayarwa ko garin yana da darma a ciki. Yawancin tsofaffin launuka masu kyawun sheƙi suna da ita, kamfanin Thompson kuwa marar darma yake yi. Mai darma ba a ɗora shi a kan abin da za a ci ko a sha a ciki, kuma ba a aiki da shi inda yara ke wasa.

2. Zaɓen ƙarfe

Jan ƙarfe tsantsa shi ne na koyo, domin yana da araha kuma ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 1085, nesa da inda ake gasa inamel, wato tsakanin 750 da 850. A nemi falle mai kaurin milimita ɗaya, ko daga 0.8 zuwa 1.2. Tagulla mai ruwan ɗorawa, wadda ake zuba kayan ado da ita, ba ta dace ba, saboda tutiyar da ke cikinta tana sa gilashi ya yi kumfa ya ɓare bayan wuta biyu ko uku. Falle da aka cire daga tsohuwar lagireto ma a bar shi, domin akwai darma a jikinsa.

Azurfa ita ce ke fito da kyawun garai-garai sosai, amma sai tsantsa mai lamba 999, wadda ke narkewa a digiri 961 kuma ba ta yin baƙin ɓawo a wuta. Mai lamba 925 tana ɗauke da jan ƙarfe kashi bakwai da rabi cikin ɗari, kuma wannan ɗan abin ya isa ya dusashe launi. Ana iya gyara ta ta hanyar zafafa ta a tsoma a ruwan tsamin da za a bayyana a mataki na uku, a maimaita sau da yawa har fuskarta ta yi fari fat ta daina baƙi idan ta ji wuta, wato an cinye jan ƙarfen da ke sama an bar siririyar fatar azurfa tsantsa. Tsohon kuɗin azurfa na Mariya Tariza mai ɗauke da shekarar 1780, wanda maƙeran yankinmu suka saba narkarwa, lambarsa 833 ce, jan ƙarfensa ya yi yawa ga wannan aiki.

A gama duk aikin ƙira kafin gilashi ya hau: yanka, da huda ramin da za a rataye, da goge gefe. A ɗan buga fallen ya yi doro kaɗan, domin mai doro ya fi shimfiɗaɗɗe jure lanƙwashewa. Idan ana son zane a ƙarƙashi, yanzu ne za a sassaƙa shi ko a buga da kan guduma, kuma a nan garai-garai ke biyan wahalarsa, domin inda rami ya yi zurfi gilashi zai taru launi ya yi ƙarfi, inda ya yi tudu kuma ya yi haske, da gari iri ɗaya.

Gargaɗi: liƙin da aka saba yi wa 'yan kunne yana narkewa ko ya yi laushi a zafin tanderu, kuma inamel ba ya kama inda liƙi ya taɓa. Mai koyo ya huda rami ya sa zobe, ya bar liƙi sai ya ƙware.

3. Tsabtace ƙarfe

A sa jan ƙarfen a tanderu mai digiri 750 zuwa 800 na kimanin minti ɗaya, har maiƙon jikinsa ya ƙone ya yi laushi. A fito da shi a tsoma a ruwa, baƙin ɓawon zai zube da yawa. Sauran kuma ruwan tsami ne zai cire shi. Mafi aminci shi ne kofi ɗaya na ruwan khal da babban cokali ɗaya na gishiri, ko garin tsamin lemo da ake sayarwa a shagunan kayan kek, kashi ɗaya cikin ruwan ɗumi kashi goma. Yana ɗaukar mintuna, amma ba ya ƙona hannu. Idan ƙarfen ya koma ruwan hoda ko'ina, a ɗauraye, a tsoma a ruwan da aka jiƙa kanwa a ciki don ta kashe ragowar tsamin, a sake ɗaurayewa sosai, sannan a goge da buroshin zaren gilashi a ƙarƙashin ruwa har ya yi ƙyalli.

Gwajin tsabta ɗaya ne: a zuba masa ruwa a ɗaga. Idan ruwan ya shimfiɗu ya lulluɓe fuskar gaba ɗaya, ƙarfe ya tsabtata. Idan ya tattare ya yi ɗigo-ɗigo, akwai sauran maiƙo, a koma a goge. Daga wannan lokaci gefe kawai ake riƙewa, ko a ɗauka da hantsaki.

Gargaɗi: wasu maƙera sun saba da asid ɗin batir. Yana aiki da sauri, amma yana ƙona fata da ido da tufafi. Wanda ya nace sai shi, ya zuba asid a cikin ruwa a hankali, kada ya taɓa zuba ruwa a cikin asid. Kuma kowane irin ruwan tsami ne, kada a sa hantsakin baƙin ƙarfe a ciki, domin zai sa jan ƙarfen da ya narke a ruwan ya hau kan azurfa ya ɓata ta. A yi amfani da na itace ko na roba.

4. Wanke garin inamel

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowane yawan jawo dushewa. A cikin garin da aka saya akwai ƙwayoyi masu ɗan girma, akwai kuma ƙura mai laushi ƙwarai da ta samu wajen niƙa. Ƙurar nan tana riƙe iska, idan ta narke sai ta bar dubban ƙananan kumfa da ido ba ya rarrabewa ɗaya-ɗaya, amma a tare su ne hazon da ake gani a cikin gilashin. Dole a raba ta da garin.

A ɗebi abin da za a yi aiki da shi a ranar kawai, kamar ƙaramin cokali ɗaya, a zuba a kwalba mai tsabta. A ƙara ruwa ya hau kansa da kamar yatsu biyu, a juya, a jira daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar manyan ƙwayoyin su kwanta, sannan a tsiyaye farin ruwan da ke sama a wata roba daban. A maimaita har ruwan da ke sama ya fito tas, wanda yakan ɗauki zagaye biyar zuwa takwas, wani launin ma ya fi haka. Wanda ke da rariya mai lamba 200 zai rage wa kansa aiki idan ya fara tankaɗe garin a bushe, ya ajiye abin da ya wuce ƙasa, ya wanke wanda ya tsaya a sama.

Batun ruwa yana da muhimmanci a wurinmu. Ruwan rijiya da na burtsatse suna ɗauke da gishirin ƙasa, wanda ke bushewa a kan ƙwayoyin ya bar fari. Ana iya wankin farko da ruwan famfo da aka tace, amma zagaye biyu na ƙarshe, da duk ruwan da za a jiƙa gari da shi wajen ɗorawa, dole su zama tataccen ruwan nan da masu kayan mota ke sayarwa don ƙara wa batir. A karanta jikin gorar da kyau a tabbata ruwa ne zalla, domin a shago ɗaya ake sayar da shi da mai asid.

Farin da aka tsiyaye ba asara ba ne. A bar shi ya kwanta, a zubar da ruwan sama, a busar, a tara shi a kwalba guda don rufe bayan aiki. Garin da aka wanke kuwa, idan ya rage, a shanya shi a kan takarda mai tsabta a saman tanderu, a rufe a kwalba a rubuta lambarsa. Idan aka bar shi a jiƙe kwana da kwanaki, ruwa yana cin gilashin, sai ya fara fitar da fararen ɗigo a wuta, kuma wanda ya lalace haka ba ya gyaruwa.

Gargaɗi: a sa takunkumi mai kyau duk lokacin da ake tankaɗe, domin ƙurar gilashi ce kuma huhu ba ya fitar da ita. Ba a ci ba a sha a teburin aiki. A lokacin hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, a rufe taga, a yayyafa ruwa a ƙasa maimakon shara, a kife kofin gilashi a kan duk aikin da ke jiran wuta. Ƙurar da ke sauka cikin minti goma a Marwa a watan Janairu ta isa ta ɓata shuɗi.

5. Rufe baya

Ƙarfe yana buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi fiye da gilashi, saboda haka idan fuska ɗaya ce kawai ke da inamel, ƙarfen zai ja shi har ya tsage, wani lokaci bayan mako guda a kunnen mai saye. Maganin shi ne a rufe baya da kauri kusan daidai da wanda gaba zai samu. A shafa wa bayan ruwan ƙaro sirara ƙwarai, wanda bai wuce ya ɗan yi danƙo a yatsa ba, a tankaɗa garin da aka tara, a fara daga gefe a zagayo tsakiya, a bar shi ya bushe. A gasa shi har ya kama amma bai gama sheƙi ba, tunda zai sake shiga wuta sau da yawa. Idan ya huce, gaban zai yi baƙi, sai a mayar da shi ruwan tsami a maimaita mataki na uku a kan fuskar gaba.

Gargaɗi: ƙaro yana da yawa a kasuwanninmu, Chadi ma tana cikin manyan masu fitar da shi a duniya, amma wurinsa baya ne. A gaba yakan bar toka a cikin garai-garai. Kuma wasu launuka ba sa jure tsami, don haka kada aikin ya daɗe a ciki fiye da buƙata.

6. Shimfiɗar fondan

Idan aka ɗora launi kai tsaye a kan jan ƙarfe, ɓawon da ƙarfen ke yi a wuta yana narkewa ya shiga gilashin, shuɗi ya koma kusan baƙi, ja ya koma ruwan ƙasa. Fondan shi ne katangar da ke tsakani. A tankaɗa wankakken fondan busasshe a kan fuskar da aka ɗan jiƙa da tataccen ruwa, siriri amma ba tare da an bar wurin da ƙarfe ke leƙowa ba, a ɗan ƙara a gefe domin nan ne wuta ke fara cinyewa.

Wannan wuta ta farko ta fuskar gaba ita ce mafi zafi a duk aikin, wajen digiri 820 zuwa 850, na minti biyu ko ƙasa da haka ga abu mai girman ɗan kunne. Ana son zafin ya isa ya narkar da ɓawon da ya samu a ƙarƙashi kafin gilashi ya rufe. Bayan ya huce a duba shi da kyau. Idan ya fito garau, ƙarfen yana haske tsakanin ruwan zinariya da ruwan hoda, an dace. Idan ya yi ja-ja mai duhu ko hazo, wuta ba ta isa ba, a mayar da shi a ƙara zafi kaɗan, sau da yawa wuta ta biyu tana wanke shi. Idan gefe ya fara kore ko baƙi, wuta ta yi yawa ko shimfiɗar ta yi siriri a wurin. Kada a ci gaba zuwa launi sai fondan ya fito yadda ake so, domin babu launin da zai gyara abin da ke ƙarƙashinsa.

A kan azurfa tsantsa lamarin ya bambanta. Shuɗi da kore da yawancin shunayya suna hawa kai tsaye su yi kyau ƙwarai. Ja, da ruwan hoda, da ruwan lemo, da wasu rawaya kuwa, idan suka taɓa azurfa sukan rikiɗe su yi ruwan ƙasa ko rawaya mai datti, saboda haka sai an shimfiɗa musu fondan na azurfa. Ita azurfa a riƙe ta tsakanin 760 da 800, domin idan zafi ya yi yawa fondan ɗin kansa yana yin rawaya.

Akwai hanyar samun hasken azurfa da kuɗin jan ƙarfe, wato a ɗora siririyar takardar azurfa a kan shimfiɗar da aka riga aka gasa. A yanka ta tsakanin takardu biyu, a huda ta da allura wurare da yawa don iska ta fita, a manna da ɗigon ruwa, a busar, a gasa har ta kama, sannan launi ya hau.

7. Ɗora launi

Kafin a taɓa aikin gaske, a yanki ƙaramin falle a gasa masa fondan a rabi, a bar rabi, a ɗora ɗigon kowane launi ya ratsa ɓangarorin biyu, a gasa, a rubuta lambobin a baya ko a littafi. Launin gari a kwalba ba ya nuna abin da zai fito, kuma wannan ɗan fallen gwaji ya fi duk wani hoton kamfani gaskiya, tunda tanderunka da ƙarfenka ne suka yi shi.

A zuba wankakken gari a ƙaramin cokali mai tsabta, da ruwa daidai yadda zai jiƙe ba tare da ya yi iyo ba. A ɗebo da bakin buroshi a ajiye a kan aikin, a tura ƙwayoyin su jeru kusa da juna. Kaurin shimfiɗa ɗaya kada ya wuce ƙwaya biyu zuwa uku a kan juna, har ana iya hango fondan ta tsakaninsu. Idan an gama, a ɗan ƙwanƙwasa gefen da bayan buroshi don ƙwayoyin su zauna iska ta fito, sannan a taɓa gefe da tsumman auduga fari mai tsabta ya tsotse ruwan. A ɗora a saman tanderu ya bushe sarai, har garin ya koma fari-fari kamar yadda yake a kwalba.

Kuskuren da na fi gani shi ne son a gama da wuta ɗaya, a tula gari da kauri. Shimfiɗa mai kauri tana kulle iska a ciki, ta fito a dushe, kuma ita ce ke tsagewa. Shimfiɗa uku ko huɗu sirara, kowace da wutarta, suna ba da launi mai zurfi wanda har yanzu ana ganin zanen ƙarfe ta cikinsa. Ta haka kuma ake sarrafa duhu da haske, a ƙara shimfiɗa a gefen da ake son ya yi ƙarfi a bar ɗaya gefen.

Garin launi biyu ba sa gaurayuwa su ba da na uku yadda fenti ke yi, domin kowace ƙwaya tana narkewa da launinta, sai aikin ya fito da ɗigo-ɗigo. Wanda ke son kore daga shuɗi da rawaya ya gasa ɗaya, sannan ya ɗora ɗayan a kai. A kuma kula da jeri: shuɗi da kore suna jure wuta da yawa, a fara da su, ja da ruwan lemo kuwa suna ƙonewa da wuri, a bar su zuwa wuta ta ƙarshe ko ta kusa da ita.

Gargaɗi: garin da bai bushe ba, idan ya shiga tanderu, ruwan cikinsa yana tafasa ya watsar da ƙwayoyi, ya bar ramuka.

8. Gasawa

A bar tanderu ya kai zafinsa ya zauna a kai na ɗan lokaci kafin aikin farko. Ga launi, 780 zuwa 800 ya wadatar. A ɗora aikin a kan matsayi, a ɗauka da doguwar cokali, a buɗe ƙofa, a ajiye a tsakiya a hankali, a rufe da sauri, domin kowace buɗewa tana zubar da zafi da yawa. Garin yana bi ta hali uku. Da farko ƙwayoyin suna mannewa da juna su yi kamar sukari, sannan fuskar ta yi gargada kamar ɓawon lemo, daga nan ta kwanta ta yi sumul tana sheƙi. Dukkan wannan yakan faru tsakanin minti ɗaya da uku, gwargwadon girman aikin da kaurin matsayi. Agogo yana taimakawa, amma ido ne ke yanke hukunci, don haka a leƙa bayan minti ɗaya. Shimfiɗun tsakiya a fito da su da zarar gargadar ta fara kwanciya, a ajiye cikakken sheƙi sai ta ƙarshe, saboda kowace wuta tana ƙara cin gefe da jan launi.

A ajiye aikin da matsayinsa a kan bulo kusa da tanderu, nesa da fanka da iskar ƙofa, ya huce da kansa. Ba a tsoma shi a ruwa. Ja yakan fito baƙi ƙirin daga wuta, kada a tsorata, launinsa yana dawowa yayin da yake hucewa. Idan fallen ya lanƙwashe, a cire shi daga matsayi nan take yana da zafi, a ajiye a kan ƙarfe mai santsi a danne da dutsen gugar tufafi mai tsabta na 'yan daƙiƙu.

Bayan kowace wuta a bi gefen jan ƙarfen da magagari a cire baƙin ɓawon da ya yi, a ɗauraye, a busar. Ɓawon nan yana tsalle da kansa yayin hucewa da yayin zafafawa, kuma shi ne asalin baƙaƙen ɗigon da ake gani a tsakiyar launi.

Gargaɗi: a sa safar hannu ta fata da tabarau mai kare ido daga hasken wuta, kada a daɗe ana kallon cikin tanderu. Idan tanderun irin wanda wayoyinsa ke fili ne a ciki, kada cokali ta taɓa su. Idan wuta ta ɗauke aiki yana ciki kafin ya narke, a bar ƙofa a rufe ya huce a hankali, a sake gasawa daga baya.

9. Guga da wutar ƙarshe

Idan kauri ya kai yadda ake so amma fuskar ba ta daidaita ba, a goge ta da dutsen gugar gilashi a ƙarƙashin ruwa, a bi da sanfefa mai lamba 220 sannan 400, kullum a jiƙe. Fuskar za ta dushe, wannan daidai ne. A wanke da buroshin zaren gilashi sosai, domin duk ƙurar dutse da ta maƙale a ƙananan ramuka za ta zama tabo na dindindin idan ta shiga wuta. A ɗauraye da tataccen ruwa, a busar, a mayar tanderu da zafi ɗan sama da na launi na ɗan gajeren lokaci, a fito da shi da zarar sheƙi ya dawo. Daga nan sai goge gefen ƙarfe da sa zobe.

10. Gyaran abin da ya ɓaci

Ƙananan ramuka ana buɗe su da bakin allura mai ƙarfi ko ɗan dutse, a wanke, a cika da jiƙaƙƙen gari, a gasa. Baƙin ɗigo ana tone shi da dutse har ya fita, a cike gurbin. Tsagewa tana rufewa idan aka mayar da aikin wuta, amma za ta dawo muddin ba a ƙara kaurin baya ba, kuma kafin a mayar a wanke shi sosai, domin maiƙon da ya shiga tsagar yana barin layi. Inda gilashi ya janye daga gefe, a goge ƙarfen wurin har ya yi ƙyalli, a sa fondan, a gasa, sannan launi. Hazon da ya samo asali daga garin da ba a wanke ba yakan ragu kaɗan da wuta mai zafi, amma ba ya fita duka, ja da ya ƙone ya zama ruwan ƙasa kuma ba ya dawowa. Irin waɗannan, idan a kan azurfa suke, a zafafa aikin a tsoma a ruwan sanyi gilashin ya farfashe, a kankare ragowar da dutse a ƙarƙashin ruwa, da tabarau a ido, a koma mataki na uku. Idan a kan jan ƙarfe ne, yanko sabon falle ya fi araha.